Kwazazzaban Yuta da Arizona: Hamadar da Ruwa Ya Fi Ƙishirwa Haɗari

Wannan makon za mu leƙa kudu maso yammacin Amurka, inda jihar Yuta ta yi iyaka da Arizona. Ƙasa ce ta jan dutse mai sulɓi, ba ciyawa sai ɗaiɗaikun itatuwa. Masana ilimin ƙasa sun ce tudun yashin wata tsohuwar hamada ne ya dunƙule ya zama wannan dutse, kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. Daga baya ruwan sama ya yi ta cin dutsen har ya haƙa matsattsun kwazazzabai masu zurfi. Wani wurin sai mutum ya karkace kafaɗa kafin ya wuce, in ya ɗaga kai kuma ɗan siririn sama kawai zai hango. Wanda ake kira Buckskin Gulch tsawonsa ya haura kilomita 20.

Wasu kwazazzaban ana ratsa su da ƙafa, wasu kuwa sai da kayan aiki: doguwar igiya, ɗamarar ƙugu, hular kwano, da rigar roba mai riƙe ɗumin jiki, domin ruwan da ke kwance a ramukan ciki ba ya ganin rana, sanyinsa kamar ƙanƙara. Idan aka iso gangare, sai a ɗaura igiya a jikin ƙusar da aka kafa a dutse ko a gindin itace, a sauka ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya janyo igiyar. Da zarar an janye ta, hanyar komawa ta rufe, sai dai a yi gaba har a fita ta ƙasa.

Babban abin tsoro a nan shi ne ruwa. Dutsen ba ya shan ruwa kamar ƙasar noma, don haka ruwan da aka zuba a fili mai faɗi yakan taru ya afka cikin tsaga guda, ɗauke da laka da duwatsu da kututture. Wanda ya taɓa ganin busasshiyar korama ta cika maƙil alhali ba a yi ruwa a garinsu ba, ya san yadda abin yake. Ranar 12 ga Agusta, 1997, irin wannan ambaliya ta halaka 'yan yawon buɗe ido 11 a kwazazzabon Antelope da ke ƙasar ƙabilar Nabaho, ga shi hadarin can nesa ya zubar da ruwansa. A watan Satumba na 2015 ma mutum 7 sun rasu a kwazazzabon Keyhole, cikin gandun Zayon.

Tafiya mutum ɗaya ita ma tana da nata haɗarin. A watan Afrilu na 2003 wani matashi mai suna Aron Ralston ya shiga kwazazzabon Bluejohn bai gaya wa kowa inda za shi ba. Wani ƙaton dutse ya gangaro ya danne masa hannun dama. Ya yi kwana biyar a maƙale, har sai da ya yanke hannun da 'yar wuƙarsa, sannan ya sauka da igiya ya nemi taimako. Labarinsa ne aka yi fim ɗin 127 Hours a kai a 2010.

Duk da haka mutane na tururuwa zuwa can, don su ga yadda hasken rana ke ratsowa ya mai da bangon dutse ja da ruwan goro. Amma yanzu ba a shiga Antelope sai da ɗan jagora Banabahe, a Zayon kuma sai an karɓi takardar izini kafin a sauka da igiya. Gogaggun masu wannan harka kan duba hasashen yanayin duk yankin da ruwansa ke gangarowa kwazazzabon. In akwai alamar hadari, ko sun zo daga wata uwa duniya, sai su naɗe igiyarsu su koma.