Wasiƙa Zuwa Ga Uwata, Sabuwar Malamar Turanci

Uwata,

Ina fata kina lafiya, kuma sanyin Jos bai fi ƙarfinki ba. Innarki tana gaishe ki, ta ce ki daina fita da asuba ba rigar sanyi, ta san halinki. Da kika ce an tura ki wata sakandare ki koyar da Turanci a wannan shekara ta bautar ƙasa, daɗi ya kama ni, alli bai bar gidanmu ba ke nan. Sai dai wani ɗan abu ya tsaya mini a rai, wato ɗafa-ƙeyar nan ta -ed da Turawa ke liƙa wa aikatau don nuna abin da ya shuɗe.

Ke tun kina ƙarama ba kya barin harafi ya tsere miki. A aji uku kalmar walked gaɓa biyu take fitowa daga bakinki, ki ja wasalin ƙarshen nan sosai, sannan ki ɗago kai kina jiran yabo. Harshenmu ne ya reni bakinki haka. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, kuma ba ma son cunkoson baƙaƙe, shi ya sa bread ta zama burodi, bucket ta zama bokiti. Sannan mu a gaban aikatau muke nuna lokaci: na tafi, ina tafiya, zan tafi. Don haka za ki tarar da yaranki kashi biyu. Wasu su cusa wasali inda babu, wasu su yar da ƙarshen ɗungurungum, su ce I walk alhali tafiyar jiya suke nufi.

Rubutun ɗaya ne, furucin uku. Abin lura shi ne sautin da aikatau ya ƙare da shi, kunne ke yanke hukunci a nan. Idan sautin maras ziza ne, irin p, k, f, s, sh da ch, ƙarshen t ne: stopped, walked, missed, washed. Laughed ma nan take, domin gh ɗinta f ake ji. Idan mai ziza ne, irin b, g, v, z, m, n, l, ko kuma wasali, ƙarshen d ne: begged, loved, cleaned, played. Duk waɗannan ba a ƙara musu gaɓa. Wuri ɗaya tak ake ƙara ta, inda aikatau ya riga ya ƙare da t ko d: wanted, needed, decided. Dalilin a fili yake, in ba wasali a tsakani, baƙaƙen biyu za su narke cikin juna, a rasa alamar lokacin.

Kada ki cika musu allo da dokoki, Uwata. Ki sa kowa ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa ya ja s, sannan ya ja z. A ta biyun zai ji rawar da ake kira ziza. Yaron da ya ji ta da yatsansa ba zai manta ba. Na san ki da sauri, magana tana zubo miki kamar ruwan Agusta, to a nan ki sassauta, ki maimaita, ki bar su su maimaita.

In wani ya tambaye ki me ya sa ake rubuta e ɗin da ba a faɗa, ki gaya masa a da can Turawa suna faɗarta. A hankali bakinsu ya haɗiye ta, har Jonathan Swift, mai labarin Gulliver, ya yi ƙorafi a kan haka a 1712. Ragowar tsohon furucin tana nan a wasu siffofi, irin wicked da naked, gaɓa bibbiyu.

Abin yana da ranarsa a jarrabawa. A takardar furuci ta WAEC akan tambayi kalmomin da amonsu ya zo ɗaya, kuma missed da mist, ko passed da past, furucinsu ɗaya ne. Yaron da ya dogara da ido kaɗai zai yi asarar maki a banza.

Abin da ya fi damuna shi ne dariya. Kada ki yarda a yi wa yaro ita a ajinki don ya ƙara wasali. Ba daƙiƙi ba ne, yana da harshen da ya riga Turanci shiga bakinsa. Ki gyara masa a hankali, ki yaba masa in ya dace.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci, ki kula da sallarki, kuma ki kira Innarki ranar Juma'a. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa yaran su amfana da ke.

Naki,
Baba