Takalmina na Hagu Ya Fi na Dama Kauri

Duk mai sallah a masallacin layinmu a nan Sabo ya san takalmina. Ko an tara takalma ɗari a bakin ƙofa nawa ba ya ɓata, don na hagu ya fi na dama kauri, kuma har yau ban ga ɓarawon da ya yi sha'awarsa ba. Yara su tsaya su kalla, manya su yi kamar ba su gani ba, sai an fito wani ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, wai aikin ne bai yi ba?" Na gaji da ba da amsa ɗaiɗai, shi ya sa na ce bari in rubuta, musamman da na ji akwai mutum biyu a unguwar nan da ke shirin yin irin aikin.

Asalin abin, faɗowa na yi daga kan mota muna lodin goro, shekaru da dama da suka wuce. Maɗori ya ɗaura, na miƙe na ci gaba da harkata. Ashe kan ƙashin cinyar dama, wanda yake kamar ƙwallo a cikin kwarmin ƙugu, jini ya daina isarsa sosai, yana ta lotsawa a hankali. Irin abin da ke samun masu sikila ke nan. Da ciwo ya hana ni barci aka yi tiyata: aka yanke kan ƙashin da ya mutu, aka sa na ƙarfe mai jela da ta shige cikin ƙashin cinya, aka gyara kwarmin shi ma.

Ranar da aka fara tsayar da ni, wallahi ji na yi kamar ƙafar dama a kan bulo take. Sai na lanƙwasa gwiwa kafin ta hagu ta taɓa ƙasa da kyau. Na ce wa likitan, "Likita, na dogon mutum kuka sa mini?" Ya yi dariya ya ce, "Pele Baba, zai daidaita," ya wuce gado na gaba. Abin ya ba ni haushi, kuma har yanzu ina ganin ba a kyauta ba. Wannan magana ce da ya kamata a zaunar da mutum a gaya masa kafin a shiga da shi. Ɗana ya ce tana cikin takardar da muka sa wa hannu. To, da Turanci, ana gobe za a yanka ni, wa ya tsaya karatu?

Da na dawo gida masu dubiya suka cika ɗaki, kowa da tasa fatawa. Wani ya ce a kai ni Igbobi, wani ya ce Dala, wani kuma da gaskensa ya ce ya san maɗorin da zai ja ƙafar hagu har ta kamo ta dama. Mai ɗakina ce ta ce ita dai ba da ita ba. Ni kuma na yi tawa dabarar: mako uku da aiki na aika yaro wajen shumeka, ya liƙa wa takalmin hagu tayar mota mai kaurin yatsu biyu da rabi. Kwana goman farko na ji daɗi ƙwarai. Daga nan bayana ya riƙe, gwiwar hagu da ba ta taɓa ciwo ba ta fara.

Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ce ta fitar da ni, yarinya da na haife ta. Tana ganin takalmin ta ɗaga shi sama ta ce, "Baba, wa ya ba ka wannan?" Ta zaunar da ni ta yi bayanin da ban samu ba a baya. Ta ce tsawon nan iri biyu ne, akwai na gaske, akwai na ji. Shekarun da ƙashin ke lotsawa ƙafar dama ta gajarce ban sani ba, ƙugu ya karkace ya bi ta, baya ma ya saba. Da aka mayar mata da tsawonta, tsokokin gefen ƙugu da suka daɗe a takure suka ɗame, suna jan ƙugun ƙasa ta wannan ɓangaren, sai ƙafar ta zama kamar ta yi tsawo fiye da yadda take. Wannan yakan saki da kansa cikin wata 3 zuwa 6 idan ana motsa jiki. Wanda ya yi gaggawar ƙara wa takalmi kauri, ya tokare karkacewar ke nan, ya hana ta komawa. Na gasken kuwa, wani lokaci likita da gangan yake ƙara ɗan tsawo don mahaɗar ta ɗame kada ta goce, tunda gocewar ta fi ɗingishi sharri nesa ba kusa ba.

Ta riƙe takalmin, na koma gida da silifas. Ta ba ni aikin yi safe da yamma: in kwanta rigingine in zame ƙafar gefe in dawo da ita, in matse tsokar mazaunai in saki, in yi tafiya da sanda a hannun hagu, ba a ɓangaren da aka yi wa aiki ba kamar yadda na ɗauka. Da farko bakin layi kawai nake kaiwa. Kafin wata huɗu ina zuwa ƙarƙashin gadar Mokola in dawo.

A wata na shida aka auna. Ta sa tef daga ƙashin gaban ƙugu zuwa idon sawu a kowace ƙafa, sannan ta tsayar da ni tana jera siraran katako ƙarƙashin ta hagu har ƙugu ya daidaita, aka kuma ɗauki hoton ƙashi. Bulon nan da nake ji ya koma kusan santimita 2. Ta ce wanda bai kai santimita 1 ba yawancin mutane ba sa ma damuwa da shi, in ya dame su ɗan abu ake sawa cikin takalmi sau-ciki. Nawa ya wuce nan, sai dai a ƙara daga waje, kuma ƙasan takalmin gaba ɗaya, ba dunduniya kaɗai ba. Ta rubuta santimita ɗaya da rabi a takarda, ta ce kada shumeka ya ƙara ko gashi ɗaya a kai.

To, a nan ne na gane masu tsara wannan dabara suna tunanin mutumin da ke sa takalmi da safe sai dare ya cire ne. Mu kuwa? Masallaci sau biyar, gaisuwa a fadar Sarki, zaman makoki, ɗaurin aure, ɗakinka ma da kanka. Rabin yini ƙafarka a ƙasa take. Sai da na kai duka takalmana aka yi musu, har silifas na bayi da wanda nake yawo da shi a tsakar gida, don idan ka yi awa biyu da gyararre, awa biyu da wanda ba a gyara ba, baya ne ke biya.

Masallaci ya fi komai yi mini wuya, kuma ba ciwo ba ne, kunya ce. Watannin farko an hana ni lanƙwasa ƙugu sosai, ba tsuguno, ba harɗe ƙafa, ba zaman tabarma. A gidan haya muke mai masan tsuguno, sai da kafinta ya yi mini kujera mai rami. Wannan ba wanda ya gani. Amma kujerar roba a ƙarshen sahu kowa na gani, ni da na yi shekaru a bayan liman. Na yi kusan wata ina sallah a ɗaki. Malam da kansa ya zo har gida ya ce, "Alhaji, addini ya ba ka sauƙi, kai ka ƙi karɓa don kada a gan ka? Wanda bai iya tsayuwa ba ai zama yake yi." Washegari da asuba jikana ya ɗauki kujerar muka tafi.

Yanzu ina tsayawa, ina ruku'u, sujada ma likita ya yarda bayan ya duba hoto, zaman tahiya ne dai nake miƙe ƙafar. Tsayuwar tarawihi ba takalmi ita ta so ta gagare ni, raka'a huɗu baya ya fara. Shumekan nan dai, wanda ya yi mini taya, shi ya kawo shawarar a yanka soso mai tauri a sa cikin huffin hagu. Da shi na yi azumin bana.

Na taɓa tambaya ko za a sake buɗewa a rage. Likita ya ce ana yi, amma aiki na biyu ya fi na farko haɗari, ba ya yin sa a kan abin da takalmi ke gyarawa. Abin da ya ce in garzayo a kansa ko tsakar dare ne shi ne: ƙafa ta mutu ba na jin ta, ko tafin ƙafa ya ƙi ɗaguwa, ko ta gajarce farat ɗaya ta juya da ciwo mai tsanani, ko zazzaɓi da ruwa daga wurin ɗinki. Alhamdulillahi ban ga ko ɗaya ba.

Ɗingishi bai tafi duka ba, in na gaji yana nunawa. Amma ina barci har asuba, abin da na yi shekaru ban samu ba. Masu shirin aikin nan biyu, da duk mai son ganin yadda aka yi takalmin da huffin, su same ni a shago bayan la'asar in raka su wajen shumekan. Sai dai na gaya masa kada ya taɓa takalmin kowa sai an zo masa da awo a takarda.