Ranar da Baba ya ɗaga murya a filin ƙwallo

Ina aji biyu na babbar sakandare aka buga wasan ƙarshe na gasar unguwarmu, ni kuma ina tsaron baya. Saura minti biyar a tashi, abokan karawarmu suka jefo ƙwallo daga gefen fili, ɗan wasansu da ke bayana ya tare ta ya zura a raga. Alƙalin wasa ya ce ta ci.

Sai na ji muryar Baba daga bakin layi: "Satar gida ce! An saye ka!" Wasu iyaye suka kama masa, har da masu zagin uwa. Alƙalin kuwa ɗan aji uku ne, ba a biyansa ko sisi. Na ga hannunsa yana rawa.

Abin da ya ƙona min rai, na san yana da gaskiya. A doka ta 11 ta ƙwallon ƙafa, babu satar gida idan ɗan wasa ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa ko bugun kusurwa. Sakacina ne.

Da dare na durƙusa na ce, "Baba, laifina ne, ba nasa ba." Ya yi shiru, sannan ya ce in raka shi gidansu yaron da safe. Muka je, ya ba shi haƙuri. Amma yaron bai sake riƙe usur ba, kuma bara ba a yi gasar ba, don kowa ya ƙi alƙalanci.

Kafin iyayenku su zo kallo, ku tuna musu cewa mai usur ɗin ma ɗan wani ne.