Kwana takwas ɗin Toma

1/ Zaren nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Wata tara ke nan ina zuwa coci duk Lahadi, ina tsayawa cikin mawaƙa, ina ɗaga hannu kamar kowa, amma ban tabbata akwai mai saurarona ba. Ban taɓa faɗa a fili ba sai yau.

2/ Abin ya faro ne daga ciwon Mama. Ƙoda ce. Wankin ƙoda sau biyu a mako, har gonar Baba ta tafi. Matan zumunta suka yi azumin kwana uku, muka yi addu'ar dare har muryata ta dushe. Ta rasu ranar Talata da safe, ina kan layin biyan kuɗi a asibiti. Ko sallama ba mu yi ba.

3/ Masu ta'aziyya kowa da "Ubangiji ya san dalili." Ina cewa amin. A zuciyata kuwa tambaya ɗaya ce: wanda ban taɓa gani ba, na kira shi bai amsa ba, ta yaya zan san yana nan?

4/ Baba dattijon ikilisiya ne, shi ya sa na ɓoye masa. Ashe ya lura na daina rufe ido in ana addu'ar abinci. Wani dare ya ce, "Uwata, ɗauko Littafi Mai Tsarki. Yohanna sura 20, fara daga aya 24."

5/ Na ce shi ke nan, wa'azin Toma mai shakka zan sha. Tun muna makarantar Lahadi ake mana gori da shi. Mutumin da a sura 11 shi ya zuga sauran su bi Yesu ko da mutuwa za a yi, amma shakkarsa kawai aka riƙe. Mu ma dai!

6/ Na karanta. Baba ya ce, "Daga ranar da ya ce sai ya taɓa gurbin ƙusoshin nan, zuwa ranar da Yesu ya dawo, kwana nawa?" Na ce takwas. Ya ce, "Da ya dawo, ina ya tarar da Toma?"

7/ A ɗakin fa. Tare da su. Mutum goma suna murna sun gani da idonsu, shi kaɗai yana cewa bai yarda ba. Ba su kore shi ba, shi ma bai kwashe kayansa ba. Sau nawa na karanta wurin nan, ban taɓa lura ba.

8/ Sai Baba ya yi shiru can, ya ce shi ma tun ranar jana'iza in ya durƙusa, sunan Mama kawai ke fitowa. Mutumin da ke jagorantar addu'a a gaban ikilisiya. Ranar na fara ganin hawayensa.

9/ Kada wani ya ɗauka labarin ya ƙare da na ga haske. Ban ga komai ba. Toma kwana takwas ya jira, ni wata tara. Wani lokaci cikin waƙa sai in ji kamar akwai wani kusa, kafin a tashi ya wuce.

10/ Don Allah kar ku cika min waya da ayoyi, na san su. Gobe akwai koyon waƙa ƙarfe huɗu, Baba ya ce zai sauke ni da mashin ɗinsa. Zan je.