Agogon da ke bin bugun wutar lantarki

A Saminaka, muna yara, inuwa da ladan ne ke faɗa mana lokaci, sai kuma rediyon masu hali. Agogon lantarki kuwa, sai da aka kai ni karatu Kaduna na fara ganinsa a bangon ɗakin kawuna, wanda yake aikin akawu. Smiths Sectric ne, ƙirar Ingila, farar fuska, baƙin jiki. Ba ya cin batir, ba a murɗa masa makulli, ba ya ƙas-ƙas. In ka kara kunne sai ka ji ɗan gurnani siriri.

Irin wannan agogo ba shi da lokacin kansa. Wutar da ke shigowa gida tana kai da komo sau 50 cikin daƙiƙa guda, ɗan injin cikinsa yana juyawa daidai da bugun, haƙoran ƙarfe su rage gudun har ya isa ga hannaye. Henry Warren na Amurka, mai agogon Telechron, shi ya fito da dabarar, kuma a 1916 ya shawo kan kamfanin lantarkin Boston ya riƙa daidaita bugun wutarsa da wani babban agogo da ya ƙera. Mu a nan, bayan an kammala madatsar Kainji a 1968, kawu kan nuna bango ya ce ruwan Neja ne ke tura waɗannan hannaye. Ina ganin gaskiyarsa.

In an ɗauke wuta sai ya tsaya cak. In ta dawo ma ba ya tashi da kansa, sai kawu ya hau kujera, ya sauko da shi, ya kaɗa wani ɗan ƙarfe a bayansa, sannan ya jira Rediyon Kaduna ya faɗi lokaci ya saita.

Da agogon batir mai araha ya cika kasuwa, nan da nan aka yar da irin waɗannan agogunan lantarki. 'Yan gwangwan suka fasa su don jan ƙarfen ciki, abin yana yi mini ciwo har yau, don aiki ne mai kyau da ƙarko. A Ingila da Amurka masu tara kayan da suna nemansu ruwa a jallo, har da Telechron mai jan ɗigo a fuska, wanda ke bayyana in wuta ta taɓa yankewa. Amma wanda ya sayo na Amurka ya sani bugun wutarsu 60 ne; in ya jona shi a Kaduna, kowace awa zai yi lattin minti 10.