Can Gidan, a Borokiri

A farkon shekarun 1980 ina yaron shago wurin kawuna mai sayar da albasa a kasuwar Creek Road, kuma mu 'yan Arewa mazauna Borokiri a Fatakwal duk mun san wani gida da ba a ambatonsa da rana. "Can gidan" kawai ake cewa. Magajiya ke riƙe da shi. Matan galibi zawarawa ne daga Katsina, Sakkwato da Maraɗi, an aurar da su tun da ƙuruciya, auren ya mutu, suka biyo jirgin ƙasa ko motar shanu zuwa inda ba a san iyayensu ba. Su dai masu zaman kansu suke kiran kansu.

Aike ke kai ni, don 'yan daudun ƙofar gidan sun fi kowa iya tuwon shinkafa da miyar taushe. A nan na ga dillalin shanun da in ya daka tsawa a kara kowa ke shiga taitayinsa, ya tuɓe hula, ya durƙusa bakin labule yana "ranki ya daɗe, a yi haƙuri", matar da yake nema kuwa tana ciki tana taunar goro. Wani direban tirela shi ke ɗebo wa tasa ruwa, har da wanki, kuɗin lodi kuma a hannunta yake kwana. Kalandun kamfanonin giya masu hotunan mata rabi tsirara da ke manne a bango ma, mazan ne ke kawowa.

Gari na wayewa sai a ce asiri ne, macen ta shanye namijin. Shi ke nan an wanke shi, ya koma sahun gaba a masallaci. Ita ko gaisuwarta matan aure ba sa amsawa, alhali a ɓoye wurinta suke aikawa sayen turaren wuta da kayan mata.

Littafin Abner Cohen na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan ya nuna yadda mace kan shiga bariki, ta fita ta yi aure, ta zauna lafiya. A Borokiri ma na ga an ɗaura irin wannan aure. Bayan ɓullar ƙanjamau a Najeriya a 1986 manema suka ja baya, aka ɗora wa matan laifin cutar su kaɗai. Da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara a 1999 da Kano a 2000, irin waɗannan gidaje na can aka rufe, matan suka watse. Mazan da ke biyan kuɗin ɗakin ba wanda ya nemi jin sunayensu.