Ƙofofin zuciya a wasan kwaikwayon Faransa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Amma mai kallon da ke zaune can ƙarshen zaure ba ya ganin fuska sosai, kuma marubucin wasan kwaikwayo ba shi da mai ba da labari da zai leƙa masa cikin ran mutum. Dole zuciya ta fito ta baki. Marubutan Faransa na ƙarni na 17 sun buɗe mata ƙofofi, kowane hali da irin tasa.

Ƙofar farko ita ce zancen kaɗaici. A cikin Le Cid na Corneille, wanda aka nuna a 1637, mahaifin Chimène ya mari mahaifin Rodrigue, tsohon kuma ya nemi ɗansa ya wanke masa wannan wulaƙanci. A ƙarshen kashi na farko Rodrigue ya rage shi kaɗai bisa dandali, yana auna mutuncin gidansu da son da yake wa yarinyar. Corneille ya sauya masa ma'aunin waƙa, layuka dogaye da gajeru suna cakuɗe kamar numfashin mai damuwa, kowane baiti kuma da sunan Chimène yake ƙarewa. Ya zaɓi takobi, amma kunnen mai sauraro ya riga ya ji inda zuciyarsa ta rataya.

Ƙofa ta biyu aminiya ce. A Phèdre na Racine, na 1677, sarauniya tana son Hippolyte, ɗan mijinta, kunya kuwa ta ɗaure mata harshe. Œnone, wadda ta rene ta, ta yi ta lallashi har ita da kanta ta ambaci sunan. Asirin da ya shiga kunne na biyu ya daina zama na mai shi: Œnone ce daga baya ta ƙaga wa saurayin laifi a gaban ubansa.

Molière kuwa ya nuna cewa rufe ƙofa ma hanya ce. A Tartuffe, wanda aka yarda a nuna wa jama'a a 1669, munafukin bai bayyana ba sai a kashi na uku, bayan mutanen gida sun gama gardama a kansa, kuma ba a taɓa barin shi shi kaɗai ya faɗi abin da ke ransa ba. Wanda ke zance da kansa ba ya da wanda zai yaudara, shi kuwa Tartuffe yaudara ce sana'arsa. Sai da Elmire ta ɓoye mijinta Orgon ƙarƙashin tebur ta ja baƙon da magana, sannan asirinsa ya tonu.

Nan ne ƙungiyoyin wasa kan yi tuntuɓe. Wanda ya datse zancen Rodrigue don ya yi tsawo ya mai da shi mai kisan kai kawai. Ɗan wasan da ke ƙyafta wa jama'a ido yana Tartuffe ya ba su abin da Molière ya hana da gangan, har Orgon ya zama wawa, alhali mutum ne da aka cuta ta hanyar imaninsa.